Ƴar Rakiya

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar wata Laraba, abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne domin agogon gaban motar Baffa na tsaya ina kallo, don kada in kalli wadda ke zaune a ciki.

Baffa ƙanin babanmu ne, hatsi yake sayarwa a Dawanau. A shekarun nan ruwa yana ɗaukewa tun gero bai yi ido ba. A ƙauyenmu na gefen Makoɗa gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, har da namu. Shi kuwa tsadar hatsi ta yi masa rana. Ya biya wa kansa da Inna, kakarmu, kujerar Makka, ya ce zai ƙara ɗaya saboda yarinyar da za ta riƙe mata hannu, don idonta ya fara rauni. Ranar da ya kawo labarin ya dube ni ya ce, "Ke kuma Malama, ki shirya, da ke za a yi rakiya."

Malama suke ce mini a gida, don kullum da littafi a cinyata. Ban tambayi kowa ba, na ɗauka ni ce. Aikin Hajjin shekarar kuma a cikin dogon hutunmu zai faɗo. Na aro littafi wurin malaminmu na Islamiyya, na haddace addu'o'in, na wanke farin hijabina da bula na ninke. Kullum bayan la'asar sai in kama hannun Inna mu zagaya rumbu muna gwada ɗawafi, ina faɗa tana maimaitawa. Rumbun babu komai a ciki, in ta dafa shi sai ya yi ƙara kamar ganga.

A Larabar nan Baffa ya zo ɗaukar Inna zuwa hoton fasfo. Na fito da hijabina. A gaban mota sai ga ƴarsa, sa'ata, da sabon mayafi. Yarinya ce da in tana magana a bakin rijiya ana jinta a zaure.

"Ina zuwa, Malama?" in ji Baffa.

"Hoto, Baffa."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Ai ɗan rakiya ba ya hoto. Ke filin jirgi za ki kai mu."

Da ma ya kamata in gane. A garinmu in an ce a raka baƙo, iyakarka gindin kuka, ka ce a sauka lafiya ka juyo.

Ban daina koyar da Inna ba, har aka haɗa mini da ƴar Baffa. Ita ƴar Baffan ba ta iya riƙe addu'a ko ɗaya ba, Safa da Marwa ma sai ta juya su. Ina gyara mata a hankali. Da aka ɗinko musu yadin alhazai, ta sa nata ta yi ta juyi a tsakar gida tana cewa, "Malama, me zan kawo miki? Littafi ko?" Na ce duk abin da ya sauƙaƙa. A raina kuwa fata nake ƙyanda ta fito mata.

Ranar tafiya ita ce ranar da na fara ganin filin jirgin Kano. Mu ƴan rakiya aka tsayar da mu a bayan shingen waya, cikin masu fura da masu ruwan sanyi. Na ga bayansu har suka shige, ƴar Baffa tana jan Inna kamar akuya za a kai kasuwa. Ni da na san yadda ake riƙe ta, a gwiwar hannu, ta ɓangaren idon da ba ya gani. Muka wuni a rana. Da jirgin ya tashi, ƙararsa ta shiga mini har ciki. Mata suna ta ɗaga hannu suna kuka. Ni ma na yi kukan, wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Yi haƙuri, za su dawo." Ba ta san abin da nake jin tsoro ke nan ba.

Suka dawo kuwa. Ƴar Baffa ta zo da haƙorin Makka, ta koyi wani murmushi na ɗage leɓe don ya fito. Yara har da manya suka koma ce mata Hajiya. Tsarabata ƴar kyamarar roba ce, wadda in ka kanga a ido ka danna sai hotunan Ka'aba su riƙa wucewa. Na kalla sau ɗaya na jefa ƙasan akwati.

Damina ta wuce, na koma makaranta, na sake dawowa hutu, wata tambaya tana nan tana cina. Sau da yawa nakan shiga ɗakin Inna da ita, in fito da ita. Sai wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗar iri mu biyu, na ce, ba tare da na ɗago ba, "Inna, Baffa ne ya zaɓa?"

"Zaɓi me?"

"Wadda za ta bi ki."

"Ni na zaɓa." Ta jefa ƙwaya a ƙwarya. "Au, abin da ke cin ki ke nan? Sai yau bakin ya buɗe?"

Na yi shiru.

"Kin gani ko? To, shi ne dalili. A Mina na ɓace, ƙawata, mutane kamar fari. Waccan mai bakin ganga ta hau kan wani abu ta yi ta kwarara mini kira da sunana na yanka, ko kunya babu, har na jiyo ta. Da ke ce, da kina nan tsaye da addu'arki daidai, kina jira a gama hayaniya tukuna ki ce salamu alaikum."