Yadda Sunan Ilaitia Ya Shiga Jarida

Ilaitia Rokotuni ɗan tsaunukan Naitasiri ne, kuma ya daɗe yana koyar da darasi ɗaya a wata jami'a a birnin Suva da ke bakin teku: yadda ɗalibin kimiyya zai rubuta abin da ya sani har mai sayar da gwaza ta karanta ta gane. Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da farar riga. Abin da ya mallaka shi ne jan biro da wata dabara da yake tinƙaho da ita. Yakan tura ɗalibi ya hau motar Nausori, ya karanta wa fasinjan da ke kusa da shi abin da ya rubuta. In fasinjan ya juya yana kallon taga, to a koma a sake.

Ɗalibai sun yi ta wucewa ta hannunsa, wasu da godiya, wasu da gunaguni. Sai ga Lavenia. Yarinyar nan ta karanta wa wata tsohuwa bayanin yadda murjanin ƙarƙashin teku ke yin fari in teku ta ɗumama, tsohuwar ta wuce tasharta ba ta sani ba. Ranar Ilaitia ya koma gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Ya ce wa matarsa Asenaca ya samu magajiya, kuma wata rana sunansa zai fito a jarida kusa da na yarinyar.

Matsalar ita ce Dokta Merewalesi, mai binciken halittun teku. Ƙauyensu da na Ilaitia tauvu ne, taubasai tun kakanni. Tsakanin irin waɗannan, mutum kan shiga gidanka ya zage ka tas, ya ɗauki kazarka ya fita, kai kuma aikinka dariya. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya, shi da ƙauyensu baki ɗaya. A baya Merewalesi ta ɗauke masa lema da butar shayi, har da kujerar ofis. Rannan kuwa ta leƙo ajinsa, ta saurari Lavenia, ta kira shi da sunan da taubasai ke kiran juna, ta ce, "Tau, wannan ta fi ƙarfin ɗan dutse. Na ɗauka." Ta tafi da ita jirgin ruwanta na bincike.

Ilaitia ya yi dariya kamar yadda al'ada ta ce. Ni abokinsa na ga dariyar, duk haƙora ce.

Ba a jima ba rubutun Lavenia ya fara fitowa a jaridar Asabar, kuma ƙarƙashin kowanne akwai godiya ga Dokta Merewalesi. A coci mutane suka riƙa tsayar da Ilaitia suna tambayarsa ko ya san matar nan da ke koya wa yara rubutu mai daɗi haka. Yakan ce ya ɗan san ta. A wajen da mu abokansa muke haɗuwa da yamma shan yangona, abin shanmu na gargajiya, in an buɗe jaridar, sai ya ce takardar ba ta da kyau, tawadar tana zuba a hannu. Amma mun lura yana bin layukan da yatsa, leɓensa na motsi. Wata rana ya manta da mu ya ce, "Wannan gajeren layin nawa ne."

Asenaca ta gaji da ganin yana juya kifi a faranti ba ya ci. Ta tambaye shi ko taubasantakar hanya ɗaya take bi. Ita Merewalesi ba ta da abin ɗauka ne?

Washegari Ilaitia, wanda tun da aka haife shi bai taɓa hawa abin da ya fi ɗan kwalekwalen gora na kogi ba, ya bayyana a bakin ruwa da zanensa na zuwa aiki, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, da jan bironsa. Ya shiga jirgin, ya zauna a kujerar Merewalesi, ya sanar da cewa ya ɗauki kujerar, ya ɗauki ɗaliban da ke ciki, yau darasin rubutu za a yi.

"Ɗauki, Tau," in ji ta. "Ga bokiti ma, kyauta."

Bai gane amfanin bokitin ba sai da suka fita daga mashigi, igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgin. Daga nan darasin ya kasu biyu, rabi ga ɗalibai, rabi ga bokiti. Duk da haka bai sauka daga kujerar ba. Ya sa Lavenia ta karanta sabon rubutunta, yana ɗago kai yana cewa wannan kalmar ta yi nauyi, a cire, sannan ya koma inda ya fito. Da ta tambaye shi ko a juya jirgi, ya ce ba za a juya ba sai ta yi masa bayanin abin da ke damunsa a harshen da mai amai zai gane.

Asabar ta gaba bayanin ya fito a jarida, har da hotonsa rungume da bokiti. Lavenia ta rubuta cewa a cikin jirgi ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune kake, can cikin kunne kuma ana cewa ƙarya ne, tafiya kake, sai ciki ya rasa wanda zai bi. Misalin da ta kawo daga farko har ƙarshe shi ne malaminta na rubutu, Ilaitia Rokotuni, wanda ta ce shi ya koya mata duk jimlar da ta iya, wasu ma da kansa a cikin bokiti.

Har direbobin motar Nausori sun karanta. Yanzu in ya hau, sai su tambaye shi ko a tafi a hankali. Lavenia ta dawo tana kawo masa rubutunta kafin ta kai wa kowa, kuma ya sa an yi wa shafin gilashi ya rataye a ofis. In baƙo ya tsaya karantawa, Ilaitia kan tsaya daidai inda kafaɗarsa za ta rufe kusurwar ƙasa, domin a can akwai ɗan rubutu mai cewa Dokta Merewalesi ce ta ɗauki hoton.