Dagin da Na Rantse Ba Zan Kai Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 22 ga watan Afrilu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifina, Mai gari Falalu na Garin Zurfi a yankin Ollelewa, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ina cikin aji a Tanout inda nake koyarwa, alli a hannuna, ƙanwarsa Gwaggo Jummai ta kira ni. Ta ce, "Sabi'u, Baba ya cika. Ka zo, kai ake jira." Na san ni ake jira, kuma na san dalili.

Baba, yau kwana tara ke nan, har yanzu in na rufe ido a bakin rijiya nake ganinka, da malafarka da ta tsufa.

Wanda ba ɗan garinmu ba ne sai na yi masa bayani. Wa da ƙane ne suka gina rijiyar da gari ya zauna a kanta. In ɗaya ya shiga ƙasa da dagi, ɗayan yana sama riƙe da igiya, gobe su sauya. Tun daga nan sarautar gari take tafiya haka: sau ɗaya gidan Wa, sau ɗaya gidan Ƙane. Dagin nan na ƙarfe yana ɗakin mai gari. Ranar da mai gari ya rasu, babban ɗansa ne zai ɗauke shi da hannunsa ya kai wa magajin ɗaya gidan, ya ce masa, "Shiga, muna riƙe da igiya." Da shi magajin zai fara sara kabarin. Kafin nan ba wanda zai taɓa ƙasa. Mu ne gidan Wa. Dodo na gidan Ƙane shi ya kawo maka dagin ranar da mahaifinsa ya rasu, kai kuma ka riƙe gari shekara arba'in da uku.

Ba ka taɓa son a zauna maka a zaure ana fadanci ba. Da bazara tun asuba kana bakin rijiya kana raba layi tsakanin manoma da makiyaya, don ka san a nan ake fasa kai. Ina tuna shekarar da Aghali, wani makiyayi Buzu, ya iso daga arewa da raƙumansa, kwana da kwanaki ba su ga ruwa ba, kuma layin ranar ya cika. Ba ka taɓa rabon kowa ba, namu ka ba shi. Shanunmu suka yini suna kuka, Inna ta ƙi yi maka magana har magariba. Dariya ka yi, ka ce, "Namu sun sha jiya, Ummu, za su sha gobe." Tun daga nan Aghali bai taɓa wucewa kudu ba tare da ya sauke mana cuku ba. Ya zo jana'izarka. Dattijo guda, ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

Ni kuwa Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, kake ce mini tun ranar da na fara koyarwa, rabi alfahari rabi tsiya. In na kawo wata dabara ta boko sai ka ce, "To Mushe, mun ji, yanzu zauna ka sha fura."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙaramar Sallar da ta wuce, kuma gara in faɗe shi da bakina. Na zo gida da magana a ciki. Na riga na zagaya masu gidaje a ɓoye, da yawa sun ce suna bayana. Na ce maka zamani ya sauya, in hukuma ta zo naɗi duk mai gado yana iya tsayawa, ni ma zan tsaya. Na ce don me za a miƙa gari ga Hamidu ɗan Dodo, alhali a lokacin fari na 1984 gidansu kwashe kaya suka yi suka tafi kudu, suka bar ka da gari da yunwa? A cikin zaure na faɗi haka, gaban jama'a.

Ka ce, "Dodo bai gudu ba. Rumbunsa ya buɗe mini, ya ce bakin gidansa goma sha bakwai ne, in sun tafi hatsin zai kai waɗanda suka rage damina. Da geron nan aka dama maka kunu, Sabi'u."

Na ji, wallahi na ji. Amma zuciya ta riga ta hau, ga idon mutane. Na miƙe na ce, "Wallahi tallahi hannuna ba zai kai dagin nan gidan Ƙane ba." Ka dube ni ka ce, "Allah Ya kai ka lafiya, Mushe." Na hau babur ban yi maka sallama ba. Mako uku ban kira ka ba, ina jira kai ka fara. Kaico! Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ladabi.

Na iso gida da azahar. An yi maka wanka, an sa maka likkafani, kana kwance a zaure, ga rana tana dukan ƙasa. Gari ya rabu biyu, wasu a gindin gawo, wasu a inuwar masallaci, ba mai kallon wani. Ba a sara kabari ba. Hamidu yana zaune a ƙofar gidansu hannu wofi, bai aiko kowa ba. Wasu daga cikin waɗanda na zuga suka tare ni suna raɗa mini in daure, yau ce ranar. Na tsaya a tsakar gida kamar an kafe ni. Sarautar ta fita raina tun a hanya, amma na rantse da sunan Allah gaban mutane, kuma ban san yadda zan yi da bakina ba.

Gwaggo Jummai ta kama hannuna ta ja ni ɗakinka. Dagin na jingine inda yake kullum. Kusa da shi ga wani ƙaramin buhu ɗaure da igiyar kaba, irin ɗaurinka. Ta ce washegarin Sallah ka sa aka buɗe rumbu, ka zauna ka auna gero tiya goma da kanka, ka hana kowa taya ka.

"Ya ce kaffarar rantsuwarka ce," in ji ta. "Ya ce, yarona zai kai dagin, na san shi, rantsuwar ce kawai za ta riƙe masa ƙafa. Har gidaje goman da za a kai wa ya faɗa mini. Ya ce kuma kada wanda ya yi maka faɗa."

Baba, a nan na zauna kusa da buhun. Ina can Tanout ina kumbura, kai kana nan kana share mini hanyar dawowa. Na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro, Gwaggo ta bar ni na yi, sannan ta ce, "Tashi, rana na cin mahaifinka."

Na ɗauki dagin a kafaɗa na ratsa tsakiyar gari. Hamidu ya miƙe ya tare ni da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Na miƙa masa dagin na ce, "Shiga, muna riƙe da igiya." Mutanen gindin gawo da na inuwar masallaci suka tashi, muka bi bayansa zuwa maƙabarta. Kafin la'asar mun rufe ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyata Inna Ummu, da Gwaggo Jummai, da ƙannena, da yayana Hamidu wanda nauyin gari ya hau kansa, da dukan gidan Wa da gidan Ƙane, da makiyayan da suka san inuwarka. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Allah Ya riƙa wa Hamidu. Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Falalu, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ya shayar da baƙo ya bar nasa da ƙishi. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Na kai dagin, Baba. Geron ma na raba shi gida goma, da ƙafata, yadda ka ce. Sallamar da na hana ka ranar Sallah ce na tambayi malamai, ba wanda ya gaya mini tiya nawa ake aunawa. Ka yafe mini.

Ɗanka, Sabi'u Falalu
Tanout