Bushiyar da Ta Shanye Kogi

Ɗalibaina a sashen yara sun san ni da abu biyu: faɗa a kan wanke hannu, da zama a ƙasa gaban gadon yaro ina surutu kamar marar aiki. Na farkon a makarantar likitanci na koya. Na biyun kuwa gado ne daga kakata Tabawa, wadda ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba.

A Ƙarfi na tashi, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Mahaifinmu manomin auduga ne, mu kuma yaran gida aikinmu bayan tuwon dare shi ne gurzar auduga a ɗakin Kaka, kusa da murhu, ita tana kaɗi tana tatsuniya. Ni take kira tsohon miji, ƙanena Bala kuma ango, wai don shi bai fara yi mata rowar gyaɗa ba.

Wata shekara ƙyanda ta shigo gari ta kama Bala. Ƙurajen suka fito, gudawa ta biyo baya, yaro ya kafe ya ƙi shan komai. Mahaifinmu ya kai shi Malumfashi a keke, malamin asibiti ya ce magani ɗaya ne, ya sha ruwa-ruwa, in ba haka ba za a rasa shi. Innarmu ta yi lallashi, ta yi ɗure, duk ya dawo da shi. Na ga tana share hawaye a bayan rumbu, kuma ranar na fara sanin tsoro.

Da yamma Kaka ta sa aka kwantar da shi a cinyarta, ta ajiye ƙwaryar kunu tsararo da ƙaramin ludayi a gefe.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma yau da ƙishirwa ta zo."

Wai wata 'yar bushiya ce uwarta ta tafi cin kasuwar Dayi. Kafin ta dawo aka sheƙa ruwa, kogi ya cika ya raba su. Bushiya ba ta iya iyo ba, sai ta ce to, za ta shanye kogin. Ta kurɓa, ta kurɓa, cikinta ya cika. Nan Kaka ta katse tatsuniyar, ta ci gaba da murza mazarinta.

"Sai me, Kaka?" muka ce.

"Sai me kuwa? Ciki ya cika. Sai an samu mai taya ta."

Na yi wuf na kai hannu ga ludayi, ta buge shi.

"Kai tsohon miji, da wannan fatar taka sumul? Sai mai ƙuraje irin nata. Ango, ka taimaki baiwar Allah mana."

Muka zuba wa Bala ido, mu duka. Ya buɗe baki da ƙyar, ya kurɓa. Nan take kogi ya ja baya kaɗan, sai ga wandon kura da ya ɓace tun bara, a maƙale a jikin dutse. Muka fashe da dariya. Wani kurɓin ya fito da tabarmar kada, wani ya fito da goron da kwaɗo ya ɓoye wa surukinsa. In Bala ya kau da kai, tatsuniya ta tsaya cak, mu kuwa mu hau roƙo: "Haba Bala, ɗaya kawai, mu ga abin da ke ƙasa!" Ranar ƙwarya ta ƙare kogi bai ƙare ba. Washegari ma haka, har aka kai inda Bala ke fizge ludayin da kansa yana neman tuwo.

Na yi shekaru ina duba yara ina koyar da masu zama likitoci. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa sun tsaya a kan yaro da kofin ruwan gishiri da sukari, suna zufa, yaro ya datse haƙora. Wata ɗaliba, Hadiza, ta taɓa ce mini cikin takaici, "Malam, na yi masa bayani, ya ƙi." Yaron bai fi shekara uku ba. Na ce ta ja kujera gefe ta zauna a ƙasa, ta nemo masa wanda zai taimaka wa. Ta dube ni kamar na zautu, amma kafin la'asar na ji ta tana yi wa yaron tatsuniya, har tana yi wa kura ɗinkin wando. Yanzu ita ke koya wa wasu, kuma ina jin daɗin hakan fiye da duk takardun da ke rataye a bangona.

Ɗalibai kan tambaye ni ko bushiya ta haye. Ni ma na tambayi Kaka, bayan Bala ya warke, don ba ta taɓa rufe tatsuniyar ba. Ta ɗaga kai daga kaɗinta, ta nuna tsakar gida da mazari, inda Bala ke riƙe da gefen zanen Innarmu yana bin ta madafi.

"Kai dai ba ka da ido, tsohon miji," ta ce. "Ga ta can ta iske uwarta."