Ranar da Ganyen Baffa Ya Koma Kore

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baffa, yayan mahaifina, wanda duk layinmu ya sani da Mai Fenti. Ya rasu a ɗakin bayan shagonsa bayan jinyar kwana tara, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya bar 'ya'ya huɗu, da jikoki goma sha ɗaya, da tsani guda, da sandunan sosa baya guda uku.

Baffa, na san da kana nan da ka fizge takardar nan ka ce haruffana sun karkace. Ka yi haƙuri, yau babu mai gyara mini.

Shekara arba'in da biyar kana rubuta allunan shaguna. Mai aski, da tela, da mai gyaran waya, duk da hannunka aka san su. Ba ka iya wuce karkataccen harafi ka yi shiru. Akwai ranar da ka ɗora tsani a shagon wani baƙo ka miƙe masa harafi ɗaya a allon da wani ya rubuta, ka sauko ka tafi ba ka ko yi masa sallama ba. Da mahaifina ya rasu ina da shekara tara, kai ka riƙe mu, ni da ƙannena biyu. Ba mu taɓa zuwa makaranta da yagaggen takalmi ba, sai dai kowane takalmi yana ɗauke da ɗigon fenti.

Tun da na buɗe ido na san ka da susa. Ciwon fata ne mai farin ɓawo, a gwiwar hannu da baya da cikin gashin kai, kuma da safe yatsunka kan kumbura sai an jiƙa su da ruwan ɗumi. Kana susa da gindin burushi, kana susa da rula, kana goga bayanka a jikin ƙofa har katakon ya yi sumul daidai tsayin kafaɗarka. Abin mamaki, alfahari kake yi da shi. Kullum cewa kake: "Mu gidanmu ciwonmu a fili yake. Fata, gaɓɓai, asma. Amma ƙwaƙwalwa, garau."

A nan ne maganar Inna, mahaifiyata, ta shigo, kuma ba zan tsallake ta don ka mutu ba.

A gidan iyayen Inna an taɓa yin wani mutum da ake kira Mai Lema, wanda ba ya rufe lemarsa ko a cikin ɗaki, yana hira da mutanen da ba wanda ke gani. Saboda shi ka ƙi auren mahaifina da ita, ka ce za a shigo mana da ciwon ƙwaƙwalwa cikin zuri'a. Aka yi auren ba da sonka ba. Daga ranar ka yi shekara talatin da biyar ba ka yi wa Inna magana kai tsaye ba. Baƙi kan ɗauka kunya ce, mu kuwa mun san ba ita ba ce. Tana tsaye a gabanka sai ka juyo wajena: "Ka gaya wa uwarku a rufe tagar can." In ba na nan, ƙanwata. Ranar da aka rasa kowa, daga kai sai ita a shago, fanka ka kalla ka ce a gaya mata ruwa na zuwa, ta kwashe shanya. Inna ta ce ta gode wa fankar.

Ina da shekara ashirin da uku ciwona ya bayyana, irin wanda kan ɗaga mutum sama wata guda, sannan ya maka shi da ƙasa wata uku. Ni malamin lissafi ne, kuma a tashin farko aka same ni a tashar mota ina koya wa fasinjoji darasi da alli a jikin bas. Kai ka zo. Ba ka yi mini tsawa ba. Ka tsaya har na gama lissafin, ka ce wa direba ai amsar daidai ce, ka ɗora ni a bayan babur, ka ɗaure ni a jikinka da tsumman fenti, ka kai ni asibiti. Duk wata kai kake raka ni karɓar magani. Amma da muka dawo gida ranar, a gaban Inna ka kalli ƙanwata ka ce: "Ki gaya mata ga abin da na guda." Ni kuwa na tsane ka a wannan rana, Baffa, kuma na daɗe ban huce ba.

Akwai wani abu da duk gidan muka sani muka yi shiru. Sau ɗaya ko biyu a shekara sai a ga allo a ƙofar shagonka, da kyakkyawan rubutu: AN TAFI SAYEN FENTI. Sayen fentin kan ɗauki mako uku. Kana ɗakin baya, kwance, fuskarka a bango, ba ka son ganin kowa. Inna ce ke ajiye kwanon abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta tafi. In ka warware ka fito sai ka ce da ni in gaya mata gishiri ya yi yawa.

Shekara huɗu da suka wuce aka canza mini likita. Muna zaune a ofishinta ka tashi ka soma goga baya a ƙofa. Ta ajiye biro ta duba gwiwar hannunka, ta tambayi su waye kuma ke da irinsa a dangi. Ka lissafo mata su kamar mai karanta sunayen waɗanda suka ci jarrabawa.

Ta ce: "Baba, irin ciwonka yana zuwa ne idan garkuwar jiki, wato sojojin da ke gadinsa, suka juyo kan jikin da suke gadi. Masu bincike sun ga akwai wasu ƙwayoyin gado da kan sa hannu a irin wannan, su kuma sa hannu a ciwon ƙwaƙwalwa. Ba dole ba ne mai wannan ya kamu da wancan, kuma ba laifin kowa ba ne."

Ka ce: "Wato juyin mulki ake yi a jikina shekara hamsin, ba wanda ya sanar da ni?"

Ta yi dariya, kai ba ka yi ba. Muna fita ka tsaya a bakin babur ka ce: "Yarinyar nan tana nufin susata da ciwonka 'yan gida ɗaya ne?" Na ce cewa ta yi suna iya haɗa dangi. Ka ce za ta gani.

Da wani ne, da a takarda zai rubuta tarihin danginsa da fensir, in ya yi kuskure ya goge. Kai Mai Fenti ne. Ka kwashe kaya daga bangon cikin shago, ka shafe shi fari fat, ka zana bishiya tun daga ƙasa har silin, da fentin mai wanda ko kananzir ba ya fitarwa in ya bushe. Reshen dama naku ne, na hagu na su Inna, kowane mutum ganye ɗaya da sunansa a ƙasa. Masu ciwon fata da gaɓɓai da asma, shuɗi. Masu ciwon ƙwaƙwalwa, rawaya. Masu lafiya a bar su fari. Na tambaye ka wanda ya haɗa biyun fa? Ka ce in an samu sai a haɗa fentin ya ba da kore, amma kada in wahalar da kaina neman gwangwani.

Kuskurenka ɗaya, ka aika aka ɗauko Goggo, yayarka, don ta tuna maka mutanen da. Goggo ta haura tamanin, ba ta da haƙori ko ɗaya kuma ba ta tsoron kowa. Ta zauna a kan kifaffen bokitin fenti, abin shaƙarta na asma a hannu.

Ka shafa wa ganyen kakana shuɗi, saboda gaɓɓai. Goggo ta ce a ƙara rawaya, domin Baba kan koma ya duba kwaɗon ƙofa sau ashirin kafin ya bar gida. Ka ce ai tsantseni ne. Ta ce: "Tsantsenin da ya sa jirgi ya tafi ya bar shi sau uku?" Ka haɗa kore a murfin gwangwani. Aka zo kan ƙanwar kakana mai asma, Goggo ta ce ta yi shekara biyu ba ta leƙa waje ba. Ka ce kunya ce. Goggo ta shaƙi maganinta ta kalle ka kawai. Kafin azahar murfi ya kasa, ka koma haɗawa a gwangwani. Reshen dama ya yi kore shar kamar an yi masa ban ruwa. Na hagu kuwa fari tas, ban da mai hawan jini ɗaya da wani da ya faɗo daga kan jaki, su ma ka rasa kalar da za ka ba su.

Amma kana da makaminka. Ka ɗauko babban burushi, ka tsoma a rawaya, ka zana wa Mai Lema ganye a reshen hagu, girman faranti.

Goggo ta ce: "Kai, ɗauke shi daga nan. Namu ne."

Ka ce: "Namu kamar yaya?"

Ta ce: "Ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kana can wajen koyon sana'a ciwon ya tsananta, Baba ya roƙi mahaifin uwar yaron nan ya ba shi ɗaki a gidansu don kada a gan shi a namu. Ƙanenka ke kai masa abinci. A ina kake zaton ya ga matarsa?"

Ka tambaya ko Inna ta sani. Goggo ta ce ita ce ke wanke masa kaya.

Baffa, ban taɓa ganin ka ajiye burushi ba ka wanke ba sai ranar. Washegari allon sayen fenti ya hau ƙofa. Na je wajen Inna raina a ɓace, na ce don me ta bari ana ɗora mata abin da ba nata ba har tsawon shekarun nan. Tana yanka albasa ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce kakana ne ya roƙi mahaifinta rufin asiri, kuma amana ba ta tsufa. Ta zuba abinci a kwano ta ce in kai maka bakin ƙofa, ita yau ƙafarta na ciwo.

Bayan mako uku ka fito, ka aike ni in kira ta. Ta zo ta tsaya a bakin shago. Ka kalle ni, na gyara tsayuwa don in karɓi saƙo. Ka kalli fanka. Sannan ka kalle ta, ka ce: "Ƙanwata, shigo ki zauna."

Inna ta waiga bayanta ta ga ko da wa ake.

Ganyenka yana can sama a reshen dama, shuɗi, ya fi na kowa kyau. Ka riga ka haɗa kore a gwangwani, amma yatsunka sun kumbura ba sa riƙe komai. Ka tura mata burushin da bayan hannu ka ce: "Fentin da nake zuwa saye shekara da shekaru, ke kin san inda shagon yake. Ke za ki shafa." Na riƙe mata tsani ta hau mataki uku. Ba ta saba da burushi ba, koren ya zarce gefen ganyen ya gangaro. Ka daure, ka daure, ka kasa.

Ka ce: "Kin fita layi."

Ta ce: "To ka gaya wa fanka, Yaya."

Ka yi dariya har ka zauna a kan bokiti, daga nan dariyar ta koma wani abu, muka juya muka ba ka baya. Wata mai zuwa da muka je asibiti ka yanki kati biyu, nawa da naka. Ka nuna wa likita hoton bangon a wayata. Ta ce bango ba ɗakin bincike ba ne, bishiyar gida ɗaya ba ta tabbatar da komai, amma tun da ta fara aiki ba a taɓa kawo mata tarihin dangi mai kyan wannan ba. Rabin maganar na ƙarshe kaɗai ka riƙe, ka yi ta maimaita shi ga duk wanda ya shigo shago. Cikin shekara huɗun da suka rage maka sau ɗaya tak aka sake rataya allon nan, kuma a wannan karon ka bar ƙofar ɗakin a buɗe. Kai da Inna kuwa kuka rama hirar shekara talatin da biyar, yawancinta musu a kan gishiri. Sai dai kai ba ka taɓa furta kalmar neman gafara ba, ita ma ba ta furta tata ba. Taurin kai dai ban san a wane reshe za a sa shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka huɗu da jikokinka, ga Goggo wadda ta ce ka yi mata rashin kunya da ka riga ta tafiya, ga masu shagunan layinmu, da duk ganyayen bishiyar nan, shuɗi da rawaya da kore da fari. Wanda zai karɓi shagon, ina roƙonsa ya bar bangon yadda yake. Mai sayen fenti a ɓoye a cikinmu kuma, don Allah ya zo mu tafi asibiti tare, babur ɗin yana nan.

Jiya da la'asar na je kwashe kayanka, na tarar Inna ta riga ni. Tana zaune a kan bokitin Goggo, ta kunna fanka, tana kallon ganyen da ya fita layi. Ba ta ji shigowata ba. Ta ɗaga kai ta kalli fankar, ta ce: "Ki gaya masa na yafe tun tuni."

Allah Ya isar maka da saƙon, Baffa. Allah Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka jikin da ba ya ƙaiƙayi da zuciyar da ba ta nauyi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.