Dambun da Ya Je Guangzhou Ya Dawo

Mun tashi da asuba daga Kano, ladan bai sauke kiran salla ba, ni da autana da ya zo ɗaukata. Ku saurara, 'yan'uwana mata. Ni nake faɗa ana rubutawa, don ban yi boko ba, idon ma yanzu ya fara ƙi.

Idon ne ya tayar da tafiyar. Likita ya ce ciwon ba mai komawa baya ba ne, ɗan hasken da ya rage in lallaɓa shi. Auta yana sayen jakunkuna a Guangzhou ta ƙasar Sin yana aikowa gida. Ya ce in zo likitocin can su gwada, daga nan mu wuce wani tsibiri a ƙasar Girka mu yi hutu. Ni da hutu? Na san abin da yake nufi. A tsibirin nan ɗan farina yake, yana aiki a jirgin masunta, ba shi da takardar zama, ba ya iya fitowa. Kun san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Yaya. In ya shigo ɗaki nakan kawar da kai. Har ya bar ƙasar ban taɓa tsayawa na ƙare wa fuskarsa kallo ba. Don haka ban ce wa Auta komai ba, sai na sa aka yi dambun nama cikin babbar roba, na ce na ci a hanya ne.

Jirgi ya yi ta tafiya har ƙafafuna suka kumbura. Muka sauka cikin wani zafi mai danshi, kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Hanyoyinsu hawa-hawa ne, wata bisa wata, mota na bin saman kan mutane. Lokacin wasannin Olamfik ne, ko'ina jar tuta, ko'ina 'yan sanda na tare baƙi suna duba fasfo. A Dengfeng, unguwar da Auta yake haya, rabin Kanawa sun tattara sun tafi don an ƙi sabunta musu biza. Waɗanda suka rage ba sa fita sai dole. Akwai wata 'yar Gana mai tuwo a saman bene, sai an ƙwanƙwasa an yi magana da Hausa take buɗewa. Kuɗin malmala ɗaya a wurinta ya ciyar da gida a Kano, miyar kuma ba daddawa.

Likitansu ya haska idona, ya girgiza kai. Bai buƙaci tafinta ba.

Sai muka koma shirin tsibiri. Matar Auta ta samo hotuna tana matso mini da su har bakin hanci: fararen gidaje kamar an shafe su da alli, ƙofofi masu launin bula, ruwa ba iyaka. Auta ya ce sai an hau jirgin sama, a sauka, a hau na ruwa. Ya ce abinci ba damuwa, kifi ne da burodi da man zaitun. Ni dai ina duban hoton ina neman inda masunta suke ɗaure jirgi.

Muka ɗauki mota zuwa Shiling, garin jakunkuna, don a saya mini akwati. Ban taɓa ganin gari mai warin fata da gam kamarsa ba. Mai shagon yana danna farashi a na'ura, Auta yana gogewa yana danna nasa, suna ta kiran juna “laban”, wato maigida. Na ce ina son mai kalar ƙofofin nan. Ya ce “meyo”, babu. Da muka juya za mu fita, sai ga shi ya fito da ita daga ƙarƙashin tebur. Ashe halin 'yan kasuwa ɗaya ne ko'ina.

A hanyar dawowa Auta ya fara koya mini karatu.

“Hajiya, in an tambaye ki ko kina da wani a can, ki ce babu. 'Yan yawon buɗe ido ne mu.”

Matarsa ta yi dariya. “Wannan ai ba sai an koya wa Hajiya ba. Tun kafin a haife ka take yi.”

Ni ma na murmusa. Gaskiya ta faɗa.

Ranar zuwa ofishin bizar Girka na sa sabon mayafi. Wata Baturiya ce a bayan gilashi, ba na ganin fuskarta sai inuwa. Auta yana fassara. Ta tambayi shekaruna, ta tambayi inda za mu sauka. Sannan ta tambaya, ina da wani a tsibirin?

Auta ya taka mini ƙafa a hankali.

Wallahi na buɗe baki in ce babu. Kawar da kai daban, cewa babu shi daban. Na ji muryata tana cewa, “Ɗana yana can.” Na kuma dafa ƙirji. Auta ya fassara mata wani abu dabam, amma matar ta ga hannuna. Ta kira wani ma'aikaci ɗan Nijar, ya sake tambayata da Hausa, na sake faɗa.

“Hajiya, yaya sunansa?”

Nan kuma harshe ya ƙi. Na sunkuyar da kai. Ya maimaita, ban faɗi sunan ba. Aka turo mana fasfo ta ƙarƙashin gilashi, ba biza.

Da muka isa gida Auta ya ce, “Da kin faɗi sunan, da sun nemo shi sun koro shi.” Bai ƙara ba, ya fita.

Da la'asar waya ta yi ƙara, matar Auta ta miƙo mini. Ɗan farina ne, ina jin iska da kukan tsuntsayen ruwa a bayansa. Da can gaisuwa kawai muke, in miƙa wa wani. Ranar ban miƙa ba.

“An ce kin ce ni ɗanki ne.”

Na ce, “An faɗa.”

Sai ya ce, “To, Umma. Allah ya sa da rabon ganawa.”

Bizata ta Sin ta ƙare a makon, ba a ƙara mini ko kwana ba. Na dawo Kano da sabuwar akwati, dambun yana ciki ban buɗe ba. Na raba wa maƙwabta, suna ta godiya wai tsarabar Sin.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Mai ɗa a gabanta ta ɗaga kai ta dube shi. Ni yanzu hoton tsibirin yana jingine a bangon ɗakina, fararen gidajen sun haɗe da ruwan, ba na rarrabewa. Yana kira duk Juma'a, yana ce mini Umma. Nakan tambaye shi ko ya yi furfura. Ya ce kaɗan, a gefen kunne. Sai in yarda.