Gunjin Janareta a Lasifikar Makarantarmu

Ranar wata Asabar ce cikin daminar 2005, da misalin ƙarfe tara na safe, a filin Islamiyyarmu da ke Panshekara. Akwai shugaban makaranta Malam Sani, da Kawu Iliya mai ba da hayar lasifika, da mahaifina wanda ke aikin lantarki a wani kamfanin fata a Challawa, sai ni, ina da shekara goma sha ɗaya. Da la'asar za a yi bikin saukarmu, kuma ni aka zaɓa na buɗe taro da karatu. Kakata Inna ta taso tun daga Zawaciki don ta ji ni, ga shi kunnenta ya yi nauyi, ga shi an ware wa mata can ƙarshen fili, gindin darbejiya.

Makarantar tana jingine da katangar wata masana'antar robobi. A gindin katangar muke wasan gala-gala, mu tsinci marafan kwalba, kuma mun saba da gunjin janaretansu har ba ma jin sa. Amma da Kawu Iliya ya ja doguwar wayar makirfo ta bin katangar ya kunna, sai ga gunjin nan ya fito ta lasifika. Aka ce na gwada. Na ja Fatiha, muryata kuwa dama siririya ce, ta nutse a ciki.

Kawu Iliya ya ce ƙarfi ne ya yi kaɗan. Ya ɗauko amfilifaya ta biyu, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya jera ta da wadda ya fara haɗawa, ya ba su sauti ɗaya, ya ƙara lasifika biyu. Wannan haɗin shi masu gyara ke kira faralel, kuma da shi yake cika gidan biki. Ya kunna. Muryata ta ƙaru, gunjin ma ya ƙaru daidai da ita, kafin minti goma, sai ɗaya amfilifayar ta ɗauki zafi har tana wari.

"Iliya, kai dai komai ƙara masa wuta," in ji Baba. "Ko ciwon kai aka kawo maka, lasifika za ka ƙara."

Ya aike ni gida na ɗauko wani ɗan akwatin gwangwani da ya haɗa da kansa, da waya mai jijiya biyu a cikin riga ɗaya. Yana narka dalma yana yi mini bayani, don ya ga idona ya ciko. Ya ce faralel kamar ni da yayata Hadiza ne in mun kama bokiti ɗaya daga famfo: muna raba nauyi, amma duk dattin da ke cikin ruwan da shi za mu isa gida, in kuma ɗaya ta fi sauri sai mu yi ta jan juna. Abin da ya sa amfilifayar ta yi zafi ke nan, ƙarfinsu bai zo ɗaya ba. Shi kuwa haɗin da ya kawo, wanda ake kira balans, ƙananan amfilifaya biyu ne a akwatin, ɗaya tana tura muryar yadda take, ɗaya tana tura ta a kife, kowacce a jijiyarta. Gunjin janareta yana shiga jijiyoyin biyu daidai wa daida. A can ƙarshe bambancin da ke tsakaninsu kawai ake ɗauka, sai muryar ta ninka, gunjin ya share kansa. "Sikelin mai nama," in ji shi. "Ɗora dutse iri ɗaya a kowane gefe, ba zai motsa ba."

Kawu Iliya ya ce zance ne na masu karatun boko, amma shi ya riƙe masa wayar. Aka cire amfilifaya ta biyu, aka kunna. Janareta na ta aikinsa a bayan katanga, lasifika kuwa shiru, sai numfashina da na ji ya fito ta cikinta.

Yau shekaruna sun yi nisa a aikin rediyo, kuma kowace makirfo da nake magana da ita a kan wannan haɗin take. Yaran yanzu suna karatun sauka da makirfo mara waya, ba wanda ke tsugunawa a ƙasa da dalma yana nuna musu ta inda muryarsu ke bi. Masana'antar ta rufe, katangar ta yi shiru, Baba ma ya rasu. Wani lokaci nakan so na sake jin gunjin nan.

A ranar bikin, da la'asar na yi karatuna. Bayan an tashi Inna ta kira ni gindin darbejiya, ta ce ta ji komai, har inda na yi gaggawa a aya ta huɗu, ta sa na maimaita mata ita a tsaye. Kawu Iliya kuma ya tafi da akwatin, bai dawo da shi ba.