'Yartsanar Maƙwabciyata

Shekarun baya, lokacin Yola tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, ina ƙaramin akawu, muna haya a Karewa ni da matata. Tana ɗauke da ciki, na farko kuwa ya zube, don haka ko tari ta yi sai gabana ya faɗi.

Wata Asabar abokina ya ja ni sinima a Jimeta, wai in sha iska. Ashe fim ɗin tsafi ne. Wata tsohuwa ta ɗinka 'yartsana, ta sa mata ƙyallen rigar wani bawan Allah, tana soka mata allura, shi kuma yana can gidansa yana murƙususu. Abokina yana cin gyaɗarsa yana dariya. Ni ma na yi ta yaƙe, amma da abin na koma gida.

Maƙwabciyarmu malamar makaranta ce, Kirista daga wajen Numan, ɗinki take koya wa 'yan mata. Ita ke kawo wa matata ɗanyen kifin tafkin Njuwa, ita ke raka ta awo. Wata rana da la'asar na leƙa mayar mata da dutsen guga, sai na hango 'yartsana a cinyarta, an naɗe ta da atamfa irin zanen matata sak, allurai cakacaka a ciki da ƙirji. Tana ganina ta yi wuf ta tura ta ƙarƙashin filo.

"Sannu Malam, yaya madam? Ya ci abinci?"

Na ajiye mata dutsen gugan na fice.

Daga ranar zama ya gagare ni. A ofis in buga takarda in yage. In taso kafin lokaci, in tarar da matata lafiya lau tana tsince shinkafa, in koma, in sake dawowa. Ta ce bayanta na ciwo, na ce shi ke nan, an soka ta baya. Na tambaye ta ko ta ba wani ƙyallen zanenta, ta ce ragowar tana wurin Malama. In faɗa wa matata, tsoro ya taɓa cikin. In yi shiru, ban san abin da nake rufewa ba.

Da na rasa mafita na hau keke sai cikin Yola wurin mahaifiyata. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ta ce, "A ina ka san ana yin wannan?"

"A sinima, Dada."

Sai ta ɗauki mayafi, muka nufo gidan Malama.

Ni a ƙofa na tsaya, ita ta yi sallama ta shiga, bayan gaisuwa ta ce, "'Yata, nuna mini abin da ke ƙarƙashin filo."

Malama ta fito da ita tana sunkuyar da kai. "Dada, rigar jariri ne nake gwadawa a jikinsa, alluran na riƙe ƙyalle ne. Na ga ku ba kwa maganar ciki sai an sauka, ba kwa nuna kaya. Na farko kuma ya lalace. Shi ya sa na ɓoye, kar madam ya gani ransa ya tashi."

Wato kunyarmu ta kiyaye mana, ni kuma na mai da ita mayya. Dada ta fito ta wuce ni, cewa kawai ta yi, "Gobe ma ka koma sinima."

Malama ba ta taɓa sanin zargin da na yi mata ba, ko ta sani ta bar shi. Ita ta riƙe hannun matata a asibiti ranar da aka haifi 'yata. Ran suna ta kawo rigar, na karɓa ina godiya, ina lalube ta ciki da waje ba tare da na lura ba.

"Malam, na cire alluran duka," in ji ta.

Har yau ba na kallon irin fina-finan nan. Ba tsohuwar cikin fim nake tsoro ba, yadda ta sauya mini fuskar mutumiyar kirki cikin sauƙi shi ne ke tsorata ni. 'Yartsanar kuwa 'yata ta gada, ta goya ta har sai da auduga ta fito mata ta ciki.